Mahadaji Shinde da Sarkin Delhi: Kare Shi Ya Yi Ko Riƙe Shi Ya Yi?

Bakatsine_Mai_Bincike:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu bin tarihin Indiya. Ina karanta ƙarshen daular Mugal ne sai na ci karo da Mahadaji Shinde, jagoran Maratha (al'ummar Hindu ta yammacin Indiya) da ya rasu a 1794, wanda Turawa ke kira Sindiya. Mutumin nan Hindu ne, amma shi ya rako sarkin Musulmi, Shah Alam na biyu, ya koma Delhi a 1772 bayan ya yi sama da shekara goma rabonsa da garin. Shi ne kuma ya ɗaukar masa fansa a kan Gulam Kadir, Musulmi ɗan'uwansa, wanda ya makantar da sarkin a 1788. Ni a ganina shi ya ƙara wa gidan Mugal kwana. Wani abokina kuwa ya ce ba ceto ba ne, riƙe sarkin kawai ya yi yana cin ƙasa da hatiminsa. Wane ne da gaskiya a cikinmu?

Auta007:
Wa alaikumus salam. Shi ne na fim ɗin nan mai mata biyu?

Dan_Pune:
A'a Auta, wancan Bajirao ne, wazirin Maratha mai zama a Pune, ya mutu tun 1740. Amma akwai alaƙa. Uban Mahadaji, Ranoji Shinde, yaron Bajirao ne, a ƙarƙashinsa ya yi yaƙi har aka yanka masa rabo a ƙasar Malwa ya zauna a Ujjain. Ina karatu a Pune yanzu haka, kuma wurin da aka ƙona gawar Mahadaji yana nan a unguwar Wanawadi, an yi gini a kai, Shinde Chhatri ake ce masa.

Malam_Na_Zaure:
Bakatsine, tambayarka ba za ta amsu ba sai an fara daga Panipat. Ran 14 ga Janairu 1761 Ahmad Shah Abdali na Afganistan, da Najibud Daula shugaban Rohila ('yan asalin Afganistan mazauna arewacin Indiya), da Shujaud Daula na Awadh, suka yi wa rundunar Maratha kaca-kaca a arewa da Delhi. Ɗan waziri, Vishwasrao, ya mutu a fili. Sadashivrao Bhau da ya jagoranci rundunar ma haka. Gidan Shinde kuwa kusan ƙarewa ya yi. An riga an kashe yayansa Jayappa a Nagaur a 1755, an kashe Dattaji a bakin kogin Yamuna a Janairun 1760, ɗan Jayappa mai suna Jankoji kuma an kama shi a Panipat aka kashe. Mahadaji ya tsira da sara a ƙafa, ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Wani Musulmi mai ɗibar ruwa a salka, Rana Khan, shi ya tsince shi ya kai shi inda zai tsira, daga baya Mahadaji ya ɗaukaka shi har ya zama ɗaya daga manyan kwamandojinsa.

Duk da haka gadon gidan bai zo masa a sauƙaƙe ba, domin uwarsa ba matar aure ba ce a wurin Ranoji. Sai a 1768 waziri Madhavrao ya tabbatar masa. To mutum irin wannan, in ka gan shi ya nufi Delhi shekara goma bayan Panipat, ka san abu biyu ne a ransa: Maratha su maido da martabarsu a arewa, kuma gidan Najib ya biya bashi. Tausayin Shah Alam, in ma akwai shi, a baya yake.

Ummu_Hanifa:
Yawwa Malam. Kuma a gyara wani abu a tambayar: ba shi kaɗai ya maido da sarki ba. Rundunar waziri ce, Visaji Krishna ne babba, ga Tukoji Holkar a ciki. Sun karɓi Delhi a farkon 1771, sarki ya shigo a Janairun 1772. Kuma ba kyauta aka yi ba. Kafin shekara ta zagayo an sa shi ya rubuta wa Maratha Kora da Allahabad, waɗanda su ne 'yan gundumomin da yake ci a ciki. Ina ceton yake?

Bakatsine_Mai_Bincike:
Hajiya, amma a ina yake kafin nan? A Allahabad, a hannun Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, tun bayan da suka ci shi a Buxar a 1764. Shekara shida suna ce masa za su kai shi Delhi, ba su kai shi ba.

Ummu_Hanifa:
Suna dai ba shi rupi miliyan 2.6 a shekara bisa yarjejeniyar 1765, wadda ya ba su harajin Bengal da Bihar da Orissa. Da ya bi Maratha sai Warren Hastings, gwamnan Kamfanin a Bengal, ya datse kuɗin, ya kuma sayar wa Shujaud Daula Kora da Allahabad a 1773 a kan rupi miliyan 5. Wato ya rasa kuɗin, ya rasa gundumomin, ya samu fada babu ko sisi a baitulmali. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Yar_Damagaram:
Ni abin da ban gane ba, in sarkin ba shi da soja ba shi da kuɗi, me kowa yake nema a wurinsa? Me ya hana Mahadaji ya hau kujerar da kansa?

Gwani_Habu:
Ƙanwata, sunan ake nema. Kusan duk wani mai mulki a Indiya a lokacin, Nizam na Hyderabad ne, Nawab na Awadh ne, sarakunan Rajput ne, takardar naɗinsa daga Delhi take fitowa. A huɗuba sunan Shah Alam ake ambata, a kan kuɗi sunansa ake bugawa. Turawan Kamfani da kansu sun ci gaba da buga rupi da sunansa har 1835, alhali ya mutu tun 1806. Wanda ya riƙe mai hatimi zai ce wa Jaipur "sarki ya ce ku biya", ba sai ya ce "ni na ce" ba.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulunci. Da Buwaihawa suka shiga Bagadaza a 945 ba su cire halifancin Abbasiyawa ba, sarautar Amirul Umara suka karɓa suka bar halifa a ɗaki. Sun ma makantar da halifa Mustakfi a 946. Ita wannan sarauta ta Amirul Umara tana cikin waɗanda Shah Alam ya ba Mahadaji.

Soja_Mai_Ritaya:
Kun tsallake wurin da ni ya fi burge ni. Wadgaon, Janairun 1779. Turawan Bombay sun taso da soja kusan dubu huɗu za su ɗora Raghunathrao, baffan Madhavrao, a kujerar waziri a Pune. Mahadaji da Tukoji Holkar ba su tare su a gindin dutse ba. Suka bar su suka hau, suna ja da baya suna ƙone ciyawa da hatsi, suka ƙona Talegaon kafin su iso, sannan mahaya suka zagaya suka yanke hanyar abinci ta baya. Turawa suka zuba manyan igwoginsu a tafki, suka juya da dare, aka ritsa su a Wadgaon suka sa hannu a takardar saranda. Duk wanda ya taɓa tafiya da kayan runduna a bayansa ya san wannan aikin mai hankali ne.

Ummu_Hanifa:
Sai kuma ya sake su suka tafi, Baba Soja. Mutum biyu kawai ya riƙe jingina, aka yi masa alkawarin garin Bharuch. Hastings ya ce bai san da takardar ba, yaƙi ya ci gaba.

Soja_Mai_Ritaya:
'Yata, da ya yanka su fa? Wata rundunar Kamfani ƙarƙashin Goddard tana kan hanya daga Bengal. Ita ce ta ci Ahmadabad a 1780, kuma a watan Agusta na shekarar Kyaftin Popham ya haura ganuwar Gwalior da dare, wurin da ake ganin ba ya ciwuwa. Mahadaji ya ga cewa waɗannan mutane in ka karya runduna ɗaya wata na zuwa. Ya auna ƙarfinsu daidai. Mai auna abokin gaba daidai ba matsoraci ba ne.

Malam_Na_Zaure:
A nan dai ina tare da Ummu Hanifa rabi. Yarjejeniyar Salbai ta Mayun 1782 ita ce babban abin da za a tuhume shi da shi. A 1780 an samu haɗin da ba a taɓa samu ba: Nana Fadnavis mai riƙe da gwamnatin waziri a Pune, Haidar Ali na Mysore, Nizam, da Bhonsle na Nagpur, duk a kan Turawa. Haidar yana ragargazar su a kudu. Mahadaji ya fara yin sulhunsa shi kaɗai a Oktoban 1781, sannan ya zama mai shiga tsakani, har aka sa shi a matsayin mai lamunin ɓangarorin biyu. A cikin takardar akwai cewa za a tilasta wa Haidar ya saki abin da ya ci. Nana ya yi ta jan ƙafa, bai sa hatimi ba sai bayan mutuwar Haidar a Disamban 1782.

Me Mahadaji ya samu? Bharuch, da abin da ya fi Bharuch: Turawa sun kau da kai daga arewa. A 1783 ya karɓe Gwalior daga hannun Rana na Gohad, wanda abokin Turawan ne, ba su ce uffan ba. A 1784 ragamar daular Delhi ta zo hannunsa. Hanyar Delhi a Salbai aka share ta.

Auta007:
Wato ya sayar da Haidar ya sayi Delhi 😂

Dan_Pune:
A nan mutane na cewa ya saya wa Maratha zaman lafiya na shekara ashirin da Turawa. Ya danganta da wanda ka tambaya. Af, kuma a lura, ana yawan kiransa sarkin Gwalior, amma kujerar gidan a zamaninsa Ujjain ce, shi kuma akasari a sansani yake, ya daɗe a Mathura. Magajinsa Daulat Rao ne ya mayar da Gwalior hedikwata.

Bakatsine_Mai_Bincike:
Mu dawo kan sarki don Allah. Tsakanin 1772 da 1784 waye ke riƙe da Delhi?

Gwani_Habu:
Mirza Najaf Khan, mutumin Farisa. Maratha sun koma kudu bayan mutuwar Madhavrao a 1772 da kisan ƙanensa Narayanrao a 1773. Najaf Khan ya ɗan farfaɗo da daular, har ya ƙwato Agra daga hannun Jat. Da ya mutu a 1782 yaransa suka shiga kashe juna. An kashe Mirza Shafi, an kashe Afrasiyab Khan a 1784. Sarki ya duba bai ga kowa ba, shi da kansa ya nemi Mahadaji, ya naɗa shi Wakilul Mutlak, mai cikakken iko a madadinsa. Wannan maki ne a gare ka, Bakatsine: ba da igwa ya shiga ya karɓi sarautar ba.

Ummu_Hanifa:
Mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa yake, Gwani.

Malam_Na_Zaure:
Sarautar ma ta zo masa da aljihu a huje. An yi mummunar yunwa a arewacin Indiya a 1783 zuwa 1784, ƙauyuka sun watse, babu mai biyan haraji. Ga sojojin Mugal da ya gada suna bin albashi. Ya shiga binciken filayen da manyan fada ke ci, suka tsane shi. Ya aika wa Turawa a 1785 cewa su biya sarki harajin Bengal, suka hau shi da faɗa, ya janye. Sai ya juya kan Jaipur. A Lalsot, Yulin 1787, Jaipur da Jodhpur suka haɗu, kwamandan Mugal Muhammad Beg Hamadani ya sauya sheƙa ya koma wurinsu, bayan fafatawar kuma bataliyoyin Mugal da ba a biya ba suka ɗauki igwoginsu suka bi shi sahu. Mahadaji ya janye, arewa ta kuɓuce masa kusan shekara guda.

A wannan giɓin Gulam Kadir ya shiga fada. Jikan Najibud Daula ne, ɗan Zabita Khan, wanda Maratha da sojan sarki suka ci garinsu a 1772. Ya shiga a Yulin 1788 yana neman dukiyar da babu ita, ya cire sarki ya ɗora wani ɗan gidan, Bidar Bakht, aka hana 'ya'yan sarauta abinci, aka tozarta matan gidan. Ran 10 ga Agusta ya makantar da Shah Alam.

Yar_Damagaram:
Innalillahi. Ina shi mai tsaron yake a lokacin?

Ummu_Hanifa:
Tambayar da nake jira ke nan. Yana Mathura, tafiyar 'yan kwanaki. Ya riga ya ci Isma'il Beg, abokin ƙawancen Gulam Kadir, a kusa da Agra tun watan Yuni. Rundunarsa ba ta shiga Delhi ba sai Oktoba. Wata biyu da wani abu tsoho na hannun wannan mutumin. Wanda aka ba amanar tsaro, in ya iso bayan an cire idon, sunansa mai ɗaukar fansa, ba mai tsaro ba.

Soja_Mai_Ritaya:
Damina ce fa, Yamuna ta cika, kuma ƙarin sojan da Nana ya turo daga Pune ƙarƙashin Ali Bahadur da Tukoji sun yi ta jan jiki a hanya. Mutumin da sojansa suka gudu suka bar shi bara ba zai sake jefa kansa cikin manyan Mugal ba sai ya tabbatar da bayansa. Kuma ku lura wa ya tura: Rana Khan, mai salkar nan.

Bakatsine_Mai_Bincike:
Kuma shi sarkin bai riƙe shi da laifi ba. Shah Alam mawaƙi ne da Farisanci, a marsiyyar da ya yi wa kansa bayan makanta ya ambaci Mahadaji a matsayin ɗa. An kama Gulam Kadir a Disamba kusa da Meerut, aka kashe shi a Maris 1789, aka aika wa sarki idanunsa da kunnuwansa. Sannan ga abin da ba a faɗa ba: a al'adar gidan, makaho ba ya mulki. Mahadaji na iya ɗora wani yaro. Ya mayar da tsohon kan kujerarsa.

Ummu_Hanifa:
Ƙanena, wane sarki ne ya fi makaho sauƙin riƙewa? Kuma duba yadda aka riƙe shi. An sa Shah Nizamuddin a kan fada, kuɗin cefane ba ya isa kuma ba ya zuwa a kan kari, 'ya'yan sarauta suna kukan yunwa. An sa ya rubuta dokar hana yanka shanu, an sa ya ba da Mathura da Vrindavan. Makahon da abincinsa ke hannunka, in ya ce maka ɗa, me kake so ya ce?

Dan_Agadas:
Ni dai na fi ganin a daina sa addini a maganar. A Panipat mai igwogin Maratha Musulmi ne, Ibrahim Khan Gardi. Wanda ya cire idon sarki Musulmi ne. Waɗanda Mahadaji ya fi zubar wa jini Rajput ne, Hindu 'yan'uwansa. Shi kansa yana bautar Krishna yana kuma girmama wani shehin Sufaye, Mansur Shah na Beed. Ba layin addini aka ja ba, layin haraji aka ja.

Gwani_Habu:
Haka ne, amma kada a goge shi gaba ɗaya. Dokar shanun nan ba don haraji aka yi ta ba.

Auta007:
Ba Maratha ɗin nan ne suka addabi Bengal ba, har iyaye na tsorata yara da su?

Dan_Pune:
Wannan Bhonsle na Nagpur ne, daga 1741 zuwa 1751, zamanin Alivardi Khan. Mahadaji yana yaro. Maratha gidaje ne daban-daban: Shinde, Holkar, Gaikwad, Bhonsle, ga waziri a Pune, ga sarki na asali, jikan gidan Shivaji, a ajiye a Satara ba ya ko motsi. In ka lura, abin da aka yi wa Shah Alam su ma sun yi wa nasu sarkin.

Soja_Mai_Ritaya:
Bari in koma kan soja, domin a nan ne ya bambanta da sauran. Ya ɗauki Benoît de Boigne, mutumin Chambéry a Savoy, a 1784 da bataliya biyu kacal. Bayan Lalsot ya gane matsalar ba jarumta ba ce, albashi ne. Sai ya ware masa gundumomi a tsakanin Ganga da Yamuna, wajen Aligarh, harajinsu kai tsaye na biyan soja ne. Ana ƙera igwa a Agra. Soja na karɓar kuɗinsa a kan kari, abin da ba kasafai ake yi a lokacin ba. Sakamako: Patan a Yunin 1790, Merta a Satumban 1790. A Merta mahayan Rathor sun yi sukuwa irin ta mutuwa, dakarun de Boigne suka yi sahu mai kusurwa huɗu suka karɓe su da harsashi. Shekara uku bayan Lalsot, Rajputana duk tana biya.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya ja kwana, Soja, amma ƙarasa labarin. A kan wa aka juya wannan rundunar a 1793? A kan Holkar, a Lakheri. Maratha da Maratha. Kuma a 1803 da yaƙi ya tashi da Turawa, hafsoshi 'yan Ingila da ke cikinta suka ajiye aiki, Perron da ya gaji de Boigne ya nemi hanyar ficewa da dukiyarsa. Janar Lake na Kamfani ya ci Delhi ran 11 ga Satumba, Arthur Wellesley ya ci Assaye ran 23. Shah Alam ya koma hannun Kamfani, inda ya baro a 1771. Don a gane zamanin, watanni kaɗan ke nan kafin hijirar Shehu zuwa Gudu. An bar yaƙin doki da ya yi aiki a Wadgaon an koma yaƙin da Bature ya fi kowa iyawa.

Soja_Mai_Ritaya:
Malam, yaƙin doki bai hana Panipat ba, kuma ba ya fasa ganuwa. Sojan nan ba tare da hafsoshinsu ba suka tsaya a Laswari har sai da aka kusa ƙarar da su, kuma a Assaye sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Wellesley sun mutu ko sun ji rauni. Rundunar ba ta gaza ba. Mai ita ne ya mutu ran 12 ga Fabrairu 1794 ba ɗa namiji, ya bar ta a hannun Daulat Rao, yaro ɗan shekara goma sha biyar ko ƙasa da haka.

Yar_Damagaram:
Me ya kai shi Pune har ya mutu a can, alhali ikonsa a arewa yake?

Dan_Pune:
Ya zo a 1792 da rigunan sarauta da takardu daga Delhi, ya miƙa wa waziri matashi, Sawai Madhavrao, sarautar Wakilul Mutlak, shi kuma ya tsaya a mataimaki. Ana ba da labarin cewa ya sauka daga giwa tun daga nesa, ya ƙi zama a wurin manya, ya fito da takalman waziri a hannu yana cewa aikin ubansa ke nan. Ya fi so a kira shi Patil, wato dagaci. Nana Fadnavis bai ruɗu ba, ya san mutumin ya zo karɓar Pune ne. Suna cikin wannan ja-in-ja zazzaɓi ya kama shi.

Bakatsine_Mai_Bincike:
To ga shi nan. A Delhi bawan sarki, a Pune mai ɗaukar takalmi. Ni wannan ya ƙara nuna mini cewa mutum ne mai girmama tsari, ba mai rushe shi ba. Yana da ƙarfin da zai share duka biyun bai yi ba.

Ummu_Hanifa:
Ni kuwa abin da ya nuna mini ke nan: dabara ɗaya ce ya yi sau biyu. Ya sami makaho a Delhi, ya zo neman yaro a Pune.

Gwani_Habu:
Kafin shi, wazirin Mugal Imadul Mulk ya makantar da sarkin Mugal Ahmad Shah Bahadur a 1754, ya sa an kashe Alamgir na biyu, uban Shah Alam, a 1759. Daga Oktoban 1788 har Mahadaji ya mutu babu wanda ya sake ɗaga hannu a kan sarki a cikin fadarsa. A auna shi da waɗanda suka riƙe wurin kafin shi, Hajiya.

Ummu_Hanifa:
Na auna, Gwani. Ya fi Imadul Mulk, ya fi Gulam Kadir, wannan ba yabo ba ne mai tsada. Har yanzu dai ba wanda ya ce mini komai a kan kuɗin cefanen. Mutumin da ya iya biyan birged ɗin de Boigne a kan kari, me ya hana shi biyan gidan sarki a kan kari?

Soja_Mai_Ritaya:
Gidan sarki ba su da igwar da za su ɗauka su koma wurin Jaipur, 'yata.

Auta007:
Dan Pune, in ka je Chhatri ɗin nan ka ɗauko mana hoto. Kuma a buɗe mana wani zaren a kan Ahilyabai Holkar, na ji an ce ita ma ba ta ga-maciji da shi a ƙarshe.